A Kafa Randar Littattafai A Gyadi-Gyadi Da Tarauni

Kowa ya tashi a ƙasar Hausa ya san randar ƙofar gida. Maigida ya sa a cika ta da ruwa, a rufe da faifai, a aza moɗa a kai, mai wucewa ya sha ya yi gaba, ba a tambayarsa ko ɗan wane ne. Shawarar da nake so in kawo wa mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni ita ce mu yi wa littafi irin gatan da iyayenmu suka yi wa ruwa, watau mu kafa akwatunan littattafai a unguwanni, kowa ya ɗauka ya karanta ya mayar, mai hali kuma ya ƙara nasa.

Abin ya riga ya kankama a wasu ƙasashe. A shekarar 2009 wani mutum mai suna Todd Bol, a garin Hudson na Jihar Wiskonsin ta Amurka, ya ƙera ɗan akwati mai siffar makaranta don tunawa da mahaifiyarsa wadda malamar makaranta ce. Ya cika shi da littattafai ya kafa a ƙofar gidansa. Daga nan ƙungiyar Little Free Library ta samo asali, akwatunan da aka yi wa rajista a ƙarƙashinta kuwa sun haura 150,000 a ƙasashe sama da 100.

Amma kada mai karatu ya ɗauka baƙon abu ne zan shigo da shi. Tun kaka da kakanni akwai wakafin Alƙur'ani a masallatanmu, almajirai kuma na aron littafi wurin malami su kwafa su mayar. Da rubutun boko ya zo, Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, sun yi ta yawo hannu zuwa hannu, mutum guda ya karanta wa taro a zaure. Daga shekarun 1980 kuma, sa'ad da marubuta irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika Kano da littattafan hikaya, matan aure suka shimfiɗa nasu tsarin. Yarinya ta kai littafi wannan gida ta karɓo wani daga wancan, masu haya kuma suna bayarwa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ashe al'adar tamu ce, wurin ajiya kawai ta rasa.

Dalilin da ya sa na ambaci waɗannan unguwanni a fili yake. Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mazaɓu 10, cikinsu har da Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu, da Darmanawa, da Daurawa, da Unguwa Uku. Yanki ne na ma'aikata, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan Titin Zariya, ga malaman makaranta da 'yan fansho birjik. A gidajen irin waɗannan mutane akwai tsofaffin akwatunan ƙarfe maƙare da littattafan lissafi da Turanci da tarihi da fiƙihu, waɗanda 'ya'yan gida suka gama da su tuntuni. Gara na cin rabonta, sauran kuma a ƙarshe su faɗa hannun mai ƙosai ko mai tsire. A bayan katangar gidan kuwa ga yaron da zai zauna jarrabawar WAEC ba shi da littafin kimiyya ko guda, domin kuɗinsa ya fi ƙarfin mahaifinsa. Lalle wannan asara ce da ba ta da dalili.

Wani zai ce ai gwamnati ta gina Ɗakin Karatu na Murtala Muhammed. Gaskiya ne, kuma madalla da shi. Sai dai yarinyar Darmanawa da ta taso daga boko ta wuce Islamiyya, yaushe ta ga sukunin zuwa can, wa kuma zai ba ta kuɗin mota kullum? Matar aure fa? Wani kuma zai ce wayar hannu ta kashe takarda. To, waya tana son kuɗin data da wutar caji, a gidaje da yawa kuma guda ɗaya ce, tana aljihun maigida.

Babbar tantama ita ce sata. Ba na musun wasu littattafan za su tafi ba su dawo ba. Saboda haka bai kamata mu kwaikwayi Amurkawa ido rufe mu dasa akwati a bakin titi ba mai kula. A ajiye shi a inda ido yake, kamar zauren mai unguwa, ko shagon tela, ko harabar masallaci, ko gidan wata malamar Islamiyya domin mata. A sami ɗan littafin rajista da mai aro zai rubuta sunansa, a buga wa kowane littafi hatimin unguwa, yadda mai ƙosai in ya gani zai san amana ce. Akwatin kuma ya zama na ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Idan duk da haka wani ya ɓata, ai littafin da ya ɓace a hannun mai karatu ya fi wanda ya ruɓe a ɗaki.

Saura batun irin littafin da za a zuba, wanda ba abin wasa ba ne a Kano. Ba mu manta da 2007 ba, lokacin da aka ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Damuwar iyaye tana da tushe, amma yaron da aka raba da littafi ba a ba shi wani ba, an bar shi ne da abin da ya tsinta a waya, inda babu mai dubawa. Mafita ita ce kowane akwati ya sami kwamitin mutum uku, malamin makaranta, da malamin addini, da uwa guda, su duba abin da ya shigo, su ware na yara dabam da na manya.

Wannan aiki bai bukatar kwangila ko bikin yanke ƙyalle. Abin da ake nema ga Ƙaramar Hukuma shi ne ta umarci dagatai da masu unguwanni su ba da wuri. Ma'aikata su buɗe akwatunansu a wannan mako su fid da ko littafi biyar-biyar. Ɗaliban manyan makarantu da ke hutu su karɓi riƙon rajista, kana su zauna da ƙanne da yamma su karanta musu. Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika. Unguwa guda ta fara, in an ga amfaninsa maƙwabta ba sai an roƙe su ba.

Allah ya sa mu dace, amin.