Zauren Kasuwa: Kafin Mu Sayi Na'urar Karɓar Kuɗi

A wannan wata za mu leƙa wajen 'yan'uwanmu masu sayar da kayan sha da na ci a zangunanmu, wato masu shayi, da masu fura da sobolo da lamurji, da masu gidajen kallon ƙwallo waɗanda ke ajiye firiji cike da lemo. Daga Nima da Mamobi har Aboabo ta Kumasi, 'yan talla na ta zagayawa da na'urori da manhajojin lissafin ciniki, kowa na cewa tasa ce ta fi. Wasu daga cikinmu sun saya sun ji daɗi, wasu kuwa na'urar na nan cikin kwali tana shan ƙura.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne yadda kuɗi ya canza kama a hannunmu. Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, aka kuma haɗa layukan kamfanoni a 2018 ta yadda mai wannan layi zai aika wa mai wancan, cinikin dare ɗaya sai ya rabu gida uku. Wani na cikin aljihun tebur, wani na cikin waya, wani kuma na cikin littafin bashi. In an tashi rufe shago lissafi ya ƙi fita, wanda ake fara kallo shi ne yaron shago, kuma sau da yawa ɗan ƙane ne ko ɗan maƙwabci. Mun ga gidan da sidi hamsin ta raba zumunci, daga baya aka gane wani ne ya biya ta wayar maigida ba a rubuta ba. Hausawa dai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To amfanin na'ura na fari shi ne ta kawar da zato.

Sai dai mu sani, wasu daga cikin waɗannan manhajoji an tsara su ne domin mashaya da manyan otal-otal, inda baƙo zai zauna a buɗe masa lissafi, ya yi ta sha, in zai tafi ya biya da kati. Mu kuwa namu baƙon yakan ce sai ƙarshen wata, ko sai ranar kasuwa. Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata mu yi wa ɗan talla tun kafin mu taɓa aljihu.

Ta farko, in wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, na'urar za ta ci gaba da aiki? Wanda ya ga shekarun dumso bai buƙatar a yi masa bayani. Haka kuma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, aka yi kwanaki ana fama a nan Gana da ƙasashen maƙwabta. Manhajar kirki ita ce wadda ke ajiye ciniki a cikin na'urar kanta, in sabis ya dawo ta aika. A kashe intanet a gaban ɗan talla, a sayar da kwalba ɗaya, a gani da ido.

Ta biyu, wace hanyar biya take karɓa? Masu sayayyarmu ba layi ɗaya suke riƙe da shi ba, akwai mai MTN, akwai mai Telecel, akwai mai AT, akwai kuma mai asusun banki. Tun 2020 akwai GhQR, tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da waya, wanda aka yi shi don ya karɓi kuɗi daga banki ko daga waya. Ko ma wace hanya aka zaɓa, a buɗe wa shago asusun kasuwanci nasa na kansa. Muddin kuɗin shayi na shiga wayar da ake aika kuɗin cefane da gudunmawar biki, babu na'urar da za ta iya fitar mana da lissafi. Kuma a koya wa yara kada su yarda da saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa, domin 'yan damfara na ƙirƙirar irinsa. Sai an ga kuɗi ya shigo ta ɓangaren shago sannan a miƙa kaya.

Ta uku, nawa za ta ci? An soke harajin nan na E-Levy a Afrilun 2025, bayan ya fara da kashi 1.5 cikin ɗari a 2022, amma ladan kamfanoni na nan. Akwai kuɗin na'ura, akwai kuɗin wata, akwai kamasho a kan kowane ciniki, akwai kuma abin da ake cira in za a fitar da kuɗi. A ce kamashon kashi 1 ne cikin ɗari, cinikin waya kuma sidi 2,000 ne a rana. Sidi 20 ke nan kullum, 600 a wata. A ɗauki biro a tara su duka na shekara guda kafin a ce wannan ta fi araha. A kuma tambaya yaushe kuɗin zai shigo hannu, nan take ko sai gobe, domin mai biredi da mai madara da sassafe suke zuwa.

Ta huɗu, tana ƙirga kaya, tana kuma rarrabe masu aiki? In an shigar da kiret goma da safe, da dare ta faɗi kwalba nawa ta rage. Kowane yaro ya sami lambar sirri tasa, kuma kada a iya goge ciniki ko rage farashi sai da izinin maigida. Wannan kariya ce ga yaro mai gaskiya kafin ta zama tarko ga maras gaskiya.

Ta biyar, tana da gurbin bashi? Ba za mu daina bai wa direba da tela da malamin makaranta bashi ba, da su ake ciniki. Muna son ta rubuta suna da rana da abin da aka rage, ta kuma bari mu fitar da duk lissafinmu a takarda ko mu kwashe shi in mun bar kamfanin. Wanda ya riƙe maka littafin bashinka ya riƙe maka wuya.

Daga ƙarshe, ba a cinikin biri a sama. A nemi gwaji na mako biyu, a sa ranar babban wasan ƙwallo a ciki, lokacin da mutum talatin ke neman lemo a hutun rabin lokaci. In yaro ya fi saurin ba da canji da hannu a kan latsa na'ura, to ba tamu ba ce. A tambayi inda mai gyara yake, a kuma je wajen wani mai shago da ke amfani da ita a ji ta bakinsa. Mai tebur ɗaya da butar shayi kuwa, wataƙila asusun kasuwanci a waya da littafi mai tsabta sun ishe shi, kada ya ci bashi don a ce ya waye.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.