Man Kwalba Ko Man Kaɗanya?

Uwargida, in hunturu ya kama, jikin yara yakan yi fari fat, ƙafa ta yi faso. Yanzu kuwa masu talla suna yawo da wani mai a ƴar kwalba, wai shi sikwalen, suna cewa babu kamarsa.

To, ga yadda yake. Wani masani a ƙasar Japan ne ya fara samun tushensa cikin hantar kifin teku da ake kira shak. Yau ana yinsa daga zaitun da rake kuma. Mai ne mai kyau, ba shi da nauyi a jiki, ba ya saurin lalacewa. Fatarki ma tana fid da irinsa da kanta. Amma fa ba magani ba ne. Ba ya kashe ƙazwa, ba ya warkad da makero, ba ya tsiro da gashi.

A ganinmu, kada ki taɓa hatsin rumbu dominsa. Man kaɗanya mai tsabta ya ishe ki. Ki shafa wa yaro da zarar an gama wanka, tun jiki da sauran laima. In faso ya fara ruwa, ko ƙaiƙayi ya hana shi barci, a kai shi ɗakin shan magani.