Jami'o'i da cinikin takarda: me dokokin kare muhalli za su jawo wa 'yan kasuwar kan iyaka?

Duk mai sayar da kayan rubutu a Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni, Illela ko Maigatari ya san cewa in ka cire lokacin komawar yara makaranta, babu cinikin da ya kai na lokacin jarrabawar jami'a. A lokacin ne katon-katon na farar takarda, kowane katon da rim 5, kowane rim da falle 500, ke barin shaguna zuwa ofisoshin malamai da rumfunan masu fotokofi, ko kai tsaye ko ta hannun 'yan kwangila. To, wannan ciniki ne wata sabuwar magana ke neman taɓawa, wato batun nan da hukumomi ke ta yi cewa kayan ofis da za a saya da kuɗin gwamnati su zama waɗanda ba sa ɓata muhalli, ko waɗanda aka sake sarrafawa daga tsofaffi.

Kada mai karatu ya ɗauka kasuwar ƙarama ce. Kafin 2010 Nijar jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Musulunci da ke Say kawai take tinƙaho da su. A 2010 aka buɗe na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. A tsallaken iyaka ga na Katsina, Dutsin-ma, Sakkwato, Kano da Dutse. Kowace daga cikinsu na cin takarda, alli, bik, ambulan, fayil da tawadar injin buga takardu ba dare ba rana.

Maganar ba yau ta soma ba. Tun 1998 shugaban Amurka Bill Clinton ya ba da umurnin cewa takardar da ofisoshin gwamnatinsa za su saya ta ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin 100 na tsohuwar takarda da aka sake sarrafawa. A yankinmu kuwa ta ƙofar leda aka shigo. Birnin Njamena ya hana ta a 2010, Kamaru ta soma aiki da nata hanin a 2014, a cikin Nuwamban wannan shekarar Nijar ta yi tata dokar, Benin ta biyo baya a 2017. Sai kuma a watan Yunin 2024 majalisar ministocin Najeriya ta hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Jami'o'in tarayya kuwa ƙarƙashin ma'aikatar ilimi suke, don haka ba za su ce ba da su ake ba.

Wani zai ce ai mun saba, dokar leda ta haura shekara goma a Nijar, amma har gobe ga baƙar leda nan maƙale a kan ƙaya, dabbobi na ci suna mutuwa. Gaskiya ne. Amma akwai bambanci babba da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi. Hana leda a kasuwa na buƙatar 'yan sanda da jami'an duwan su bi rumfa rumfa. Sauya kayan da jami'a ke saya kuwa ba ya buƙatar ko ɗan sanda ɗaya, domin hukumar da ta yi dokar ita ce mai saye. Layi ɗaya aka ƙara a takardar neman masu kawo kaya, cewa sai takarda mai kaza da kaza, shi ke nan wanda bai da ita ya fita daga takara, kome arahar kayansa, kome daɗewarsa da mutanen ofishin.

Ga kuma wata ƙa'idar da ke tafiya tare da wannan. A watan Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban Najeriya, ya sa hannu kan umurnin da ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da hukumomin tarayya ke kashewa kan wasu kayayyaki su tafi ga kayan gida, kuma kayan rubutu da kujeru da tebura na cikin jerin. A watan Mayun 2025 gwamnatin Bola Tinubu ta sake jaddada fifita kayan gida a kwangilolin gwamnati. Ke nan ɗan kasuwar da ya saba ɗauko takarda daga tashar jirgin ruwa ya tsallaka da ita Najeriya yana da dalili biyu na sake lissafi.

Abin tambaya shi ne, ina za a samo kayan? Nijar ba ta da babbar masana'antar takarda. Najeriya ta gina uku, a Jebba, Oku Iboku da Iwopin, amma duka sun durƙushe kafin ƙarshen shekarun 1990. Ta Iwopin da aka gina domin farar takardar rubutu ba ta taɓa aiki yadda aka tsara ba. Ta Jebba da ta farfaɗo a 2009 a hannun 'yan kasuwa, takardar kwali ta shiga yi daga tsofaffin takardu. Saboda haka mafi yawan farar takardar da ke shagunanmu daga ƙetare take, daga ƙasashe irin su Indonesiya, Tailan da Barazil.

Wanda ya dogara da kayan ƙetare kuwa ya sha wuya a 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai an sake rufe su har Maris 2024, hanyar Kwatano ta Gaya ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A ɗaya ɓangaren, dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A irin wannan hali, jami'ar da ke fama da biyan kuɗin tallafin ɗalibai ba za ta yi marmarin takarda mai tsada ba, kuma farar takarda da aka sake sarrafawa sau da yawa ta fi tsada a nan, don masu shigo da ita kaɗan ne. Idan aka tilasta ba tare da shiri ba, abu biyu ne zai faru: ko kwangilar ta koma hannun manyan kamfanonin Yamai, Legas da Abuja, ko kuma a cika kasuwa da katon masu tambarin ƙarya.

Shi ya sa sanin tambari ya zama jari. Kibiyoyi uku masu bin juna da ake gani a jikin katon ba lallai suna nufin an yi takardar daga tsohuwa ba. Sau da yawa cewa kawai suke ana iya sake sarrafa ta, sai in an rubuta adadin kashi a kusa. Tambarin FSC mai siffar bishiya shaida ce kan inda aka samo icen, ba ya nufin tsohuwar takarda sai in an rubuta haka a ƙarƙashinsa. Shuɗin tambarin Jamus da ake kira Blauer Engel, wanda aka soma bayarwa tun 1978, shi ne in ka gan shi a takardar ofis, to gaba ɗayanta daga tsohuwa aka yi ta. Dillalin da ya ce maka duk ɗaya ne, ka riƙe kuɗinka.

Amma fa ba duka labarin ne na asara ba. Rabin abin da Turawa ke kira sabon tsari, mu a nan mun daɗe muna yi don talauci ya koya mana. Masu ɗura tawada a tsohon mazubin injin, kafintocin da ke gyara benci da tebur maimakon a sayo sabo, masu yin ambulan da fayil da takardar kwali, duk aikin da ake magana ke nan. Haka kuma jami'a ba saye kawai take yi ba, tana tara tulin tsofaffin takardu da a yanzu ake ƙonawa a bayan ofis ko a sayar wa masu ƙosai da tsire. Ana iya sake sarrafa takarda sau 5 zuwa 7 kafin zarenta ya mutu, kuma masu yin kiret ɗin ƙwai da kwali suna sayenta a kan kilo. Motar da ta kawo takarda daga Kano ba dole ta koma fanko ba. Sai dai a nan akwai amana: takardun jarrabawa da masu ɗauke da bayanan ɗalibai sai an yayyanka su kafin su fita ƙofa.

Abin da ya rage wa ɗan kasuwa shi ne shiri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'a ba ta biyan wanda bai da rajista, lambar haraji da rasiɗi mai hatimi, don haka wanda bai iya shi kaɗai ba ya haɗa kai da 'yan ƙungiyarsa su nemi oda da suna ɗaya. Kada kuma kowa ya zuba jarinsa a sabon kaya kafin ya ga abin da aka rubuta a takardar kwangila. Su ma shugabannin jami'o'i, idan da gaske muhalli ake so a kare, su sanar da wuri, su rarraba oda ƙanana yadda mutanen gari za su iya shiga, su fara da abin da ake iya yi a gida kafin wanda sai an hau teku.

Almajirin da ya wanke allonsa ya sake rubutu da tawadar gawayi da ƙaro bai taɓa jin sunan wata doka ba, amma bai bar shara ko ɗaya ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.