Ina Matsayarka, Ranka Ya Daɗe?

Duk bayan shekara huɗu ƙauyukan arewacin Kano kan yi baƙi irin waɗanda ba sa kwana. Jerin gwanon motoci ya tayar da ƙura daga Bichi zuwa Kunchi, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, a tsaya a ƙofar gidan dagaci, maroƙi ya wasa ɗan takara, a sauke katan-katan na taliya da sabulu da turamen atamfa, kafin la'asar sakaliya an yi gaba. Abu ɗaya ne ba a taɓa saukewa daga motocin nan ba, alhali shi ya kamata a ce ya kawo mutumin: bayanin inda zai tsaya idan an kawo maganar asibiti, ko ta man fetur da wuta, ko ta farashin hatsi gaban majalisa. Mai neman kujerar sanata ko ta majalisar wakilai yana iya karaɗe ƙananan hukumomi goma sha uku na Kano ta Arewa ba tare da wani ya tambaye shi ra'ayinsa a kan doka ko da guda ɗaya ba. Na ce wannan shirun cuta ce, kuma ta fi sayen ƙuri'a illa, domin ita ce ta haife shi.

Tsarin mulki ya ɗora wa ɗan majalisa yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe shi. Mu kuwa mun mai da shi mai haƙa rijiyar burtsatse da raba keken ɗinki. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an zuba kimanin naira tiriliyan ɗaya a ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, ba a ga tasirinsu a rayuwar talaka ba. Rijiya tana da amfani, ba na musu. Amma wanda aka aika kasuwa ya sayo sa, ya dawo da igiya, ba a yi masa guɗa.

A ɗauki maganar lafiya, don nan ne ciwon ya fi zurfi. Ƙasarmu ƙasar cunkoso ce, gona na jingine da gona, ba saura ba daji. Kowane rabon gado yana ƙara yanka gandun gida, har ta kai magidanci na riƙe da fegin da bai fi ya ci da gidansa wata shida ba. Irin wannan gida inshorarsa akuya ce. Idan yaro ya kwanta a sayar da ita. Idan naƙuda ta zo da gardama, aka ce sai an yi aiki a asibitin Bichi ko a wuce Kano, a sayar da buhun geron da aka ajiye don bazara. Idan ciwon ya ja lokaci, a jinginar da gonar kanta, daga nan kuma mai gona ya koma ɗan ƙwadago a gonar da ubansa ya bar masa. A Nijeriya fiye da naira saba'in cikin kowace ɗari da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun majinyaci take fitowa. A birni wannan lissafi ne a takarda. A Tsanyawa shi ne hanyar da ƙasa ke bi tana barin hannun masu ita.

Kuma ba wai babu doka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Shekara huɗu dokar na kwance, sai a kasafin 2018 majalisa ta sanya masa kimanin naira biliyan 55. A lura: majalisa ce ta sanya. Ashe idan sun so suna iyawa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta ta a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 83. Jihar Kano ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun dokar 2016. Sai dai ginshiƙin irin wannan tsari albashi ne, ana cire wa ma'aikaci kasonsa duk wata. Manomi ba shi da ƙarshen wata, kaka gare shi, sau ɗaya a shekara. To ina ɗan takarar da ya taɓa tsayawa a Shanono ya ce ga yadda yake ganin za a shigar da manomi, ko a karɓi kasonsa da kaka, ko gwamnati ta biya masa, kuma daga wace taska? Ina wanda ya ce kashi ɗayan nan ya isa ko bai isa ba ga mazaɓu 484 na jihar Kano? A Abuja aka yi alkawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, kuma kowace shekara da hannun 'yan majalisa kasafin ke wucewa. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki. An yi ta'aziyya, an yi jaje, ba a yi tambaya ba.

Wani zai ce Abuja ta yi nisa, muryar ɗan majalisa ɗaya ba ta kai wa ko'ina. Wannan uzuri zai iya karɓuwa a wani wuri, ban da nan. Sanatan Kano ta Arewa, Barau Jibrin, shi ya shugabanci kwamitin kasafin kuɗi na majalisar dattawa daga 2019 zuwa 2023, sannan ya zama mataimakin shugaban majalisar. Ɗan majalisar Bichi, Abubakar Kabir Abubakar, shi aka bai wa kwamitin kasafi na majalisar wakilai a 2023. Alƙalamin da ke rubuta rabon arzikin ƙasar nan ya daɗe yana kai-komo a hannun 'ya'yan wannan yanki. Babu mazaɓar da ta fi tamu damar tambaya, babu kuma wadda ta fi ta ƙarancin hujjar yin shiru.

Maganar mai ta fi ban takaici, saboda ta zo da sallama. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake dubu. Jama'a suka ɗauka aradu ce ta faɗo rana tsaka. Ba haka ba ne. Dokar man fetur ta 2021 ta riga ta share fagen sakin farashi, kasafin 2023 kuma ya tanadi kuɗin tallafi zuwa ƙarshen Yuni kawai. Duka biyun ta majalisa suka bi, kafin zaɓen Fabrairu. 'Yan takarar da suka zo neman ƙuri'ar masu noman rani a madatsar Watari ta Bagwai da ta Tomas a Ɗambatta sun sani, ko ya wajaba su sani, cewa man da injin ban-ruwa ke sha na gab da ninkawa. Ba laifi ba ne mutum ya goyi bayan cire tallafi. Akwai hujjoji masu nauyi a wajen masu wannan ra'ayi. Laifin shi ne ya sani ya yi gum, ya bar manomi ya ci bashi ya dasa tumatir a kan lissafin tsohon farashi. Yanzu ga dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, ga injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya fara shiga fadamu. A sassauta masa harajin shigowa ko a tsaurara? A jira babban layin wuta na ƙasa, wanda ya bar Arewa cikin duhu kwana da kwanaki a Oktoban 2024, ko a zuba kuɗi a ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka? Tambayoyi ne masu amsa, amma sai an yi su.

A tattalin arziki misali ɗaya ya wadatar. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Mai sayen kwano a Fagge ya ji sanyi. Wanda ya noma, ya sayi taki da tsada, ya kai buhunsa Dawanau ya tarar farashi ya sauka, shi ya san inda ke masa ciwo. Buƙatar mai ci da ta mai nomawa sun yi karo, kuma dole wakilin Fagge da na Tsanyawa su sha bamban. Idan bakinsu ɗaya, to ɗayansu ba mutanensa yake wakilta ba.

Amsar da na fi jin zafinta ita ce wadda 'yan boko ke bayarwa, wai talakan ƙauye bai san manufa ba, cikinsa kawai ya sani. Wannan ƙazafi ne, tarihin Kano kuma ya ƙaryata shi. Da aka kafa NEPU a watan Agustan 1950, ba taliya Malam Aminu Kano da abokansa suka raba ba. Matsaya suka kai ƙauyuka a kan haraji da aikin tilas da zaluncin masu sarauta, talakawa kuma suka sha ɗauri da bulala a kanta. A 1979 PRP ta ce za ta soke haraji da jangali, aka zaɓe ta, Abubakar Rimi ya hau ya soke. Kakanninmu da ba su taka ƙofar firamare ba sun san bambancin alkawari da kyauta. A Amurka, dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ci kujerun 'yan majalisa da dama, ta kuma ba wasu, saboda mai zaɓe ya san yadda wakilinsa ya jefa ƙuri'a. Ba wayo suka fi mu ba, rubutawa suke yi. Mu kuwa masu digirinmu, waɗanda ya kamata su fassara wa iyayensu dokokin nan, da yawa sun zama sojojin baka a rediyo da Facebook, suna auna gwani da yawan buhun shinkafar da ya raba da azumi.

Akwai kuma gyaran da ya rataya a wuyan majalisar kanta. Galibin ƙudurori da murya ake zartar da su, masu eh su ɗaga murya, masu a'a su ɗaga, shugaba ya buga guduma. Ko dokar ta-ɓacin jihar Ribas a Maris ɗin 2025, wadda tsarin mulki ya shar'anta mata kashi biyu cikin uku, da murya aka amince da ita. A irin wannan hayaniya kowa na iya komawa gida ya ce shi bai yarda ba. Saboda haka, kafin a tambayi ɗan takara komai a kan asibiti ko mai, a fara da wannan: ranka ya daɗe, za ka goyi bayan a riƙa rubuta ƙuri'ar kowane ɗan majalisa da sunansa? Ƙungiyoyin ɗalibai na Bichi da Gwarzo da Dawakin Tofa suna da wayoyin naɗar murya, gidajen rediyon Kano kuma ba su rasa fili ba. Wanda ya amsa a adana amsarsa. Wanda ya ƙi, a rubuta sunansa da garin da ranar da aka tambaye shi, a karanta a rediyo tun kafin a rufe yaƙin neman zaɓe.