DOKAR TOSHE BAKI: A AMURKA NAMA YA FI MAI CINSA MUTUNCI!

Amurka, wadda kullum take cika duniya da kurarin 'yancin faɗin albarkacin baki, ita ce ƙasar da jihohi 13 suka kafa dokar hana "ɓata sunan" abinci. Wato nama da tuffa sun zama masu mutunci da za a je kotu dominsu, shi kuwa talakan da zai zuba su a cikinsa ko oho!

Asalin abin daga 1989 ne, lokacin da gidan talabijin na CBS ya yi rahoto a kan wani sinadari mai suna Alar da ake fesa wa tuffa. Kasuwa ta faɗi, manoma suka kai ƙara, kotu ta yi watsi da ita. Da 'yan jari-hujja suka ga tsohuwar doka ba ta biya musu buƙata ba, sai suka ruga majalisun jihohi aka ɗinka musu sabuwa daidai wuyansu.

A 1996 Oprah Winfrey ta tattauna cutar haukan shanu a shirinta. Masu shanu na jihar Teksas suka maka ta a kotu. Ta yi nasara a 1998, to amma 'yan jarida nawa ne ke da aljihu irin nata?

Babbar magana ta zo a Maris 2012. Gidan ABC ya bayyana cewa kashi 70 cikin ɗari na niƙaƙƙen naman da ke manyan kantuna an gauraya shi da wani abu da kamfanin BPI ke haɗawa: guntattakin da suka rage bayan fiɗa, a raba su da kitse, a buɗa musu iskar amoniya don kashe ƙwayoyin cuta. Wani masanin ma'aikatar gona ne ya laƙaba masa suna "yauƙi mai ruwan hoda" tun 2002. Gaskiya ne hukuma ta ce ba ya cutarwa, kuma masana'antu uku cikin huɗu na kamfanin sun rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Amma me ya hana a rubuta shi a jikin ƙunshin nama tun farko, mai saye ya zaɓa da kansa? Ashe mai kaza a aljihu ba ya jimirin as!

Kamfanin ya nemi diyyar dala biliyan 1.9, wadda dokar Dakota ta Kudu za ta iya ninkawa uku ta kai biliyan 5.7. A Yunin 2017, ana tsakiyar shari'a, aka sasanta. Disney, uwar ABC, ta biya dala miliyan 177, ban da abin da inshora ta zuba. ABC ba ta janye rahoton ba, babu kuma hukuncin da ya ce ta yi ƙarya, amma ta biya.

To 'yan'uwa matasa su lura da makircin. Ba sai an ci shari'a ba, tsoratarwa ita ce manufar. Duk ƙaramin editan da ya ga gemun ABC ya kama da wuta zai shafa wa nasa ruwa, ya jefa rahotonsa a kwandon shara. Wanda ya ƙaga ƙarya lallai ya cancanci hukunci, kuma dokar ƙazafi ta da can ta ishe shi. Amma dokar da ke ninka tara don kare kasuwa garkuwar azzalumai ce kawai. Haƙƙin mai ci ne ya san abin da ke cikin akushinsa, kuma ranar da aka rufe bakin mai faɗa, raunana ne za su haɗiye abin da aka ɓoye.