Kafin Ka Ƙyasta Ashana, Ka San Na'urar Gano Yoyon Gas

Da wuya yanzu ka shiga ɗakin kwanan ɗalibai ba ka ga ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 a lungu ba, wani lokacin ma dab da katifa. Kananzir ya yi tsada, risho ya ja baya. Sai dai yawancinmu hanya biyu kawai muka sani ta gane ko tukunya tana yoyo: mu shinshina, ko kuma, Allah ya kiyaye, mu ƙyasta ashana mu kai bakin tiyo mu ga ko zai kama. Wannan ta biyun ganganci ne tsantsa.

Shi gas ba shi da wari. Warin da muke ji, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan, kuma bala'in da ya faɗa wa wata makaranta na cikin abin da ya sa aka tilasta yin hakan. Ranar 18 ga Maris, 1937, gas ya taru a ƙarƙashin ginin makarantar New London da ke jihar Texas a Amurka, ba wanda ya ji komai, har tartsatsin wata na'ura ya tayar da shi. Ɗalibai da malamai kusan 300 suka rasu. Bayan nan ne jihar ta yi dokar sa wa gas wari.

To amma hanci yana gajiya. Ka daɗe a ɗaki sai ka daina jin warin, balle mai mura. Nan ne amfanin na'urar hannu ta gano yoyo. Wata kamar babban biro take, wata kuma tana da dogon wuya mai lanƙwasuwa, duk da batir suke aiki. Idan bakinta ya ci karo da gas sai ta fara ƙara, fitilunta su kama, kuma ƙarar tana ƙara sauri yayin da ka matso wurin yoyon.

A waje ake kunna ta, cikin iska mai tsabta, a jira ta daidaita. Wanda ya kunna ta a ɗakin da gas ya riga ya cika, wasu na'urorin za su ɗauki wannan iskar a matsayin lafiyayya, su yi shiru. Sannan a bi da ita a hankali, ba a guje ba: bakin tukunya, regileta, tsawon tiyo, da inda tiyon ya haɗu da murhu. A ƙananan tukwanenmu, 'yar robar nan da ke cikin baki, inda ake ɗaura kan girki, ita ce ta fi yawan cin amana.

Abin da aka fi mantawa shi ne inda gas yake zuwa. Na tukunya, wato haɗin furofen da biyuten, ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya: ƙarƙashin gado, bayan kabad, daidai inda mai kwana a katifa yake sa kansa. Na bututu kuwa, mesen, sama yake yi. Mai tukunya da yake ɗaga na'ura sama yana yawo da ita, ɓata batir kawai yake. Kuma furofen ba ya buƙatar yawa. Ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa.

Na'urar tana da nata rauni. Turare, maganin sauro na fesawa da sanitaiza duk suna iya sa ta ƙara, shi ya sa idan ta nuna wuri sai a shafa ruwan sabulu. In kumfa ta riƙa tasowa, an kama ɓarawo. Haka kuma yawancinsu ba sa gano hayaƙin janareto ko na gawayi mai kisa, wannan na'urarsa daban.

In yoyo ya tabbata, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko a kunna fanka. In za a iya, a fitar da tukunyar fili, a kira mai gyara. Tiyon da ya tsage sauya shi ake yi, ba a ɗaure shi da leda ko salatif.

A ganina ba sai kowa ya sayi tasa ba. 'Yan bene ɗaya su yi karo-karo su sayi guda, a ajiye wurin shugaban ɗalibai na hostal, duk wanda ya dawo daga cika tukunya ya karɓa ya gwada a tsakar gida kafin ya shigar da ita ɗaki.