Tekun da Ake Ƙonawa a Kalambaina

Duk buhun simintin da ya fito daga Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko ta jihar Sakkwato, gindin teku ne aka niƙa. Kimanin shekara miliyan 60 da suka shige, ruwan gishiri marar zurfi ya malale wannan yanki. Halittun cikinsa suka yi ta mutuwa, ƙwansonsu yana taruwa bisa juna, har ya daskare ya zama farin dutsen da ake haƙa a yau. Irinsa ne ya sake ɓullowa a Malbaza ta Nijar, inda can ma aka kafa masana'antar siminti. Da sunan Kalambaina masana duwatsu na duniya ke kiran wannan shimfiɗar dutse ta Sakkwato.

An kafa kamfanin simintin Arewa a 1962, ya fara aiki a 1967, yau yana hannun BUA. Ba mai hankalin da zai ce a daina haƙa. Da simintin ake gina azuzuwa da gadoji. Abin takaici shi ne 'yan bokonmu, in an ambaci Kalambaina, ba su da zance sai farashin buhu. Alhali dodon-koɗin da ya kwanta cikin dutse tun kafin a yi Sahara, da zarar ya faɗa tanderu mai zafin digiri 1,450, ya tafi ke nan har abada. Wata dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a yankin Goronyo, masanan Italiya ne suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Ɗaliban Goronyo nawa ne suka taɓa jin sunanta?

Wanda ya ɗauki sanin dutse shagalin malaman jami'a ne, ya tambayi mutanen Anka da Bukkuyum. A 2010 an yi ta niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ba a san yana ɗauke da gubar dalma ba, yara aƙalla 400 suka rasu.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Gwamnati ta sanya cikin sharuɗɗan lasisi cewa a keɓe bango guda na mahaƙar a bar shi tsaye, kuma kafin a fasa sabon wuri a bai wa masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo 'yan kwanaki su tsinci abin da ke ciki.